Yatsu Huɗu Tsakanin Hijabi da Taya

Duk wanda ke son sanin inda wayewar wata al'umma ta kai, kada ya ɓata lokacinsa a ɗakunan karatu ko a zauren majalisa. Ya samu gefen titi da sassafe ya tsuguna, ya auna tazarar da ke tsakanin bakin tufafin matan garin da tayar bayan baburansu. A cikin wannan 'yar tazara ilimi yake, da tsari, da tausayi, da sanin darajar rai. Na yi shekaru ina koyarwa, na karanta abin da Allah ya nufe ni da karantawa, ban ga ma'aunin da ya fi wannan gaskiya ba. A kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, a shekarun da nake ba da labari, wayewarmu ba ta wuce yatsu huɗu ba. Da hannuna na auna.

An mayar da ni wata makarantar 'yan mata a Kurfi, gidana kuwa da yarana suna Dutsin-Ma. Wata uku na yi ina zaman tasha ina jiran mota ta cika, ina isa bayan an buga ƙararrawar darasi na biyu, har shugabar makaranta ta fara gaishe ni da barka da rana tun ƙarfe tara. Sai na sayi babur, irin ƙaramin nan na mata da ake kira roba-roba. Tun kafin in iya juya shi a tsakar gida na tanadi kayan hawansa, domin ni irin mutanen nan ce masu karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. Hular kwano mai gilashi, safar hannu ta fata, wando mai kauri a ƙarƙashin zane, takalmi sau-ciki, sannan jaket da nake cusa ƙaramin hijabina a ciki in ja zif har wuya. A watannin zafi, kafin in kai Kurfi na kusa dahuwa. Ɗalibaina suka raɗa mini 'yar sama jannati. 'Yan sintirin da ke tsare hanya kullum sai sun sa na ɗaga gilashi sun tabbatar mace ce, ko da sun gan ni jiya da shekaranjiya. Ɗayansu ya taɓa ce mini, "Hajiya, wallahi in kika taho daga nesa, gabana har faɗuwa yake."

A lokacin kowa a hanyar nan da tsoro yake tafiya, tsoron abin da zai iya fitowa daga daji. Direba yana tuƙi idonsa na gefen hanya, fasinja na addu'a ƙasa-ƙasa. Ni ma ina da rabona a wannan kamar kowa. Sai dai ina da wani tsoron nawa na daban, wanda ba ya buƙatar daji, kuma ya girmi baburina da shekaru masu yawa.

Ina 'yar aji biyu a sakandare na ga an goyo wata mata a bayan babur kusa da tasha. Gyalenta ya zamo ta baya, gefensa ya shiga wayoyin taya. Babu wata ƙara. Kanta kawai na ga ya koma baya, kamar wadda aka kira daga sama ta ɗaga ta amsa, sai ga ta a ƙasa. Mai baburin ya ɗan yi gaba kafin ya gane bayansa ya yi sauƙi. Ba ta tashi ba. Abin da ya tsaya mini ba jini ba ne, don ban ga jini ba. Takalminta ɗaya ne da ya zauna a tsakiyar titi, a daidaice, kamar ta cire shi za ta shiga ɗaki.

Abokiyar tafiyata maƙwabciyata ce, malamar asibiti mai karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti can wajen Tamawa. Sista kowa ke ce mata. Na girme ta sosai, don haka Yaya take ce mini. Ta riga ni fara hawan babur, ta fi ni hannu, ta fi ni gudu, shi ya sa kullum ita ce a gaba ni ina biye. Hijabinta fari ne, dogo har ƙasa, mai yalwa. In za ta hau sai ta tattara bayansa ta zauna a kai. Wannan ita ce duk kariyarta. Kafin mu yi rabin hanya iska ta zaro shi kaɗan-kaɗan, gefensa ya sauko yana kaɗawa a gefen taya, ya matsa, ya ja baya, ya sake matsawa, kamar kaza na neman shiga ɗaki ana korarta.

Shekara guda da wani abu na yi ina bin hanyar nan, amma da za a tambaye ni gonaki nawa ne a hagu, ko wace bishiya ce a kwanar da muke rage gudu, ba zan iya faɗa ba. Bakin hijabin Sista kawai na sani.

Wata safiya a ƙofar gidanta na sa ta hau, na tsuguna na auna.

"Yatsu huɗu," na ce.

"Na mi?"

"Tsakaninki da lahira."

Ta yi dariya har ta kifa kai a kan baburin. "Yaya, ke dai da an ba ki wa'azin Juma'a da ba wanda zai ci abincin rana. Shekara nawa ina hawa?"

"Ita ma wadda na gani ba ranar ta fara hawa ba."

"Allah ya jiƙanta. Hau mu tafi, akwai masu awo suna jirana."

Ba taurin kai ne kawai ba, kuma wannan ne ya sa abin ya yi wuya. Maigidanta ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai sauƙin kai. Bai hana ta aiki ba, shi ma ya saya mata baburin. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in ta wuce ta gaban majalisarsu, kada wanda ya ga ko idon sawunta. Hijabi ya sauka har ƙasa, ko babur ya koma shago. In babur ya koma shago kuwa, aikin Tamawa ya ƙare, don babu motar da ke kai mutum can a kan lokaci. Ko dai ta rage tsawon hijabi ta rasa aikinta, ko ta bar shi ta riƙa kai wuyanta bakin taya sau biyu a rana. Ta zaɓi na biyun, kuma ban ga laifinta ba.

Na je na same shi a zaure. Na yi masa bayani da misalai, har da zane a bayan ambulan. Ya saurare ni da ladabin da ake sauraron malamar da ta koyar da ƙannen mutum, yana cewa, "Gaskiya ne, Malama. Ƙwarai kuwa, Malama." Washegari ya saya mata hular kwano. Ta rataye ta a jikin madubi, inda ta zauna har rana ta kashe mata launi. Na sa bakanike ya mayar da murfin sarƙar baburinta da aka cire tun tuni. Bayan sati biyu ya fara ƙara, wani bakaniken ya sake cirewa, ya ce iska yake hana sarƙa sha.

Dabarar ta zo mini ne a ofishin malamai, ina yage wa wata ɗaliba takardar izinin fita. Littafin yana da layin ƙananan huji, inda aka shirya wa takarda ta rabu. Na ja, ta rabu daidai wurin, ba ta ɓata sauran ba. Na zauna ina kallonta har yarinyar ta ce, "Malama, in tafi?" In ba za a iya hana taya kama hijabi ba, ai ana iya shirya wa hijabin inda zai saki. Ɗinkin gabansa, wanda ya taso daga ƙarƙashin haɓa ya sauka har ƙasa, shi ne igiyar da ke shaƙe mutum in an ja ta baya. In aka yi shi da zare ɗaya marar ƙarfi, taku manya-manya, to da an fizga zai ɓalle, hijabin ya zame kamar mayafi, taya ta ci yadi ta bar wuya. Na ji a ranar kamar in nemi a sa sunana a littafin kimiyya.

Sharaɗin dabarar shi ne yadin ya fi ɗinkin ƙarfi nesa ba kusa ba, don kada a samu ruɗani game da inda za a rabu. Ranar kasuwa na je wurin wani Alhaji mai yadi, na ce a ba ni farin da ya fi kowane ƙarfi. Ya shiga can ciki ya fito da bandir, ya buga shi a kan tebur.

"Malama, wannan ko jaki kika ɗaure da shi sai dai ya kwana nan. Na asali ne, ba na kowa nake fito wa da shi ba."

Na ja da hannu biyu, na ɗaga shi a rana, na yi duk abin da masu nuna sun san yadi ke yi. Na saya.

Telan da na kai wa dattijo ne a bakin kasuwa, mai keken ƙafa, wanda shi ya ɗinka mini kayan makaranta ina yarinya, yanzu yana ɗinka wa 'ya'yana. Baba tela muke ce masa. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: riga ta tsufa, ta koɗe, ta zama tsumman goge tukunya, ɗinkinsa na nan bai saki ba. Ya murza yadin tsakanin yatsu biyu, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗiyata, wa ya sayar maki da..."

"Baba, yadi na riga na zaɓa. Maganar ɗinki ta kawo ni."

Na yi masa bayani. Ya tsayar da ƙafarsa a kan keke.

"Tsaya in fahimce ki. So kike in yi ɗinkin da zai warware."

"In an ja shi da ƙarfi."

"Ai ɗinki don kada ya warware in an ja shi da ƙarfi ake yin sa. In ba a ja ba, ko yawu kika sa ya riƙe."

Na ba shi labarin matar tasha. Ya yi salati, ya ce ya tuna, ya ma san gidan da aka kai ta. Na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce, "To amma mi ɗinki ya yi a ciki?"

Da ƙyar ya yarda, bayan na ce in ya ƙi zan kai wa masu keken lantarki na sabuwar kasuwa. Ya yi shi a gabana, fuskarsa kamar mai yanka akuyar da ya raina tun tana ƙarama. Da ya miƙo mini ya ce, "Don girman Allah kada ki ce wa kowa ni na yi."

Sista ta juya hijabin ta duba, ta gane abin da ake nufi tun kafin in gama magana.

"Wato in faɗi a titi, kuma in faɗi ba hijabi, a gaban manoma."

"Da ɗankwalinki da rigarki. Gara su gan ki da ɗankwali da su gan ki an rufe da zanen wata."

"Kai, Yaya! Bakinki ko asibiti ba ya warkarwa." Ta sa shi, ta dubi tsawonsa, ta ga ya share ƙasa yadda maigida ke so. "To na ji. Amma in ya ɓalle ina tsakiyar karɓar haihuwa, ke za ki zo ki riƙe mini."

Makonnin da suka biyo baya su ne kawai na ga hanyar Kurfi. Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, ashe akwai wata tsamiya babba a kwanar nan, ashe duwatsun da ke bayan gari suna canza launi in rana ta taso. Bakin hijabin na nan yana wasansa da taya, ni kuwa ina kallonsa kamar yadda ake kallon kare da aka san an ɗaure.

Ranar da abin ya faru, Sista ta leƙo tun ina haɗa wa yara koko ta ce za ta riga ni, an kira ta, wata na kan gwiwa. Na fito bayanta da kamar minti goma. Na biya ta wurin Baba tela, wanda ke buɗewa tun an fito masallaci, don in ajiye wandon makarantar ƙaramar 'yata. Ya karɓa, sai na ga yana murmushi, irin na wanda ya yi alheri a ɓoye ya kasa haƙurin a gano.

"Ƙawar taki ta zo shekaranjiya, a rage mata fuskar hijabi, wai ta yi mata yawa. Ta bar shi ta shiga cefane." Ya gyara tabarau. "Na dube shi, na ce a'a. Malamar asibiti guda, tana yawo da wannan, a tambaye ta wa ya ɗinka? Ban iya barci da shi ba tun ranar. Na bi shi layi uku, da zaren da nake ɗinkin jakar makaranta. Ko sisi ban karɓa ba. Yanzu ko mota ta ja shi..."

Ban ji ƙarshen maganar ba. Na kira wayarta, tana ta ringi, na san tana cikin jaka a ƙarƙashin kujera. Na hau.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, garin ya yi wani irin haske rawaya marar daɗi. Iska ta fara zuwa a guntu-guntu, ta buge ni ta gefe ta saki. 'Yan sintiri suka ɗaga hannu, na ɗaga gilashi ban tsaya ba. Manoma suna ta tattara kayansu, shanu sun juya wa iska baya. Ni lissafi kawai nake: ta fi ni gudu, ta riga ni da minti goma, ba zan kamo ta ba sai in wani abu ya tsayar da ita, kuma abu ɗaya ne na san zai tsayar da ita.

Bayan tsamiyar nan na hango farin abu a gaba. Iska ta sa ta rage gudu. Na matso har ina ganin hular kwanon na lilo a jikin madubi. Hijabin ya fito ta dama, yana kaɗawa, amma rabinsa na nan a danne, tana zaune a kai. Da na bar ta, wataƙila da ta kai Tamawa haka, kamar yadda ta kai jiya da shekaranjiya. Wannan tunanin daga baya ya zo mini, kuma har yau yana zuwa. A lokacin dai hon na danna, na riƙe shi.

Ta ɗan ɗaga daga kujera ta waiwayo ta ga ko wane ne. Abin da take danne da shi ya kuɓuce gaba ɗaya. Na ga iska ta buɗe shi kamar ana shanya, ta sauke shi a hankali a kan taya.

Babu ƙara, yadda na sani. Kanta ya koma baya. Na ga haɓarta ta dubi sama, hannuwanta suka saki kan babur. Sai wani sauti kamar an yage takarda babba, baburin ya yi gaba shi kaɗai da farin tsumma a tayarsa, ya kwanta, ita kuma ta gangara gefen titi ta faɗa cikin kunyoyin wata gona.

Ban san yadda na sauka ba. Na tarar da ita rigingine, ido a buɗe, baki a buɗe, babu numfashi. Sauran hijabin na nan a wuyanta. Na cire safar hannu da haƙori, na zare shi ta kanta, na cusa a cikin jaket. Wani jan layi ya bi ƙarƙashin haɓarta daga kunne zuwa kunne. Na kira ta, na kira sunanta na yanka wanda ban taɓa kira ba. Manoma biyu suka iso da fartanya a hannu, suka tsaya nesa kaɗan suna salati, ɗaya ya juya baya ganin ba ta da mayafi. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a goshi.

Sai ta ja iska, da wani irin kuka kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta yi tari, ta yi tari, ta riƙo hannuna. Ƙasar gonar ta sha ruwa kwana biyu kafin nan, an kuma yi mata huɗa, ita ta tare mata kai. Gwiwar hannu ta ɗaye, kafaɗa ta bugu, ban da haka komai na nan. Na cire jaket ɗin, na fitar da abin da na cusa na sa a jakata, na lulluɓe ta. Da muryarta ta dawo, a shaƙe, abin da ta fara cewa shi ne, "Matar nan... a kira wata ta je mata." Na biyun kuma, tana murmushi da ƙasa a haƙoranta: "Yaya, dabararki ta yi aiki. Na ji lokacin da ya saki."

Sai ruwa ya sauko.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Maigidanta ya zo har zaure, sai "Malama, Malama" yake yi yana girgiza kai, daga baya ya aiko da dawa da wake. Abokan aikinta uku suka kira suna tambayar wane tela ne. Shugabar makarantarmu ta ce lallai in yi wa ɗalibai bayani a taron safe, da allo da alli, kan yadda ilimi ke ceton rai. Sista kuwa, da wuyanta a shafe da magani, tana gaya wa masu zuwa dubiya cewa daga yau ko ruwa Yaya ta ce kada ta sha, ba za ta sha ba.

Da masu dubiya suka ragu na koma gida, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na fito da guntun da ke jakata, da wanda bakanike ya warwaro daga taya, na jera su gefe da gefe. Ɗinkin Baba tela na nan daga haɓa har ƙasa, layi uku, ko zare ɗaya bai motsa ba. Yadin ne ya yage ta baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Na kama wani gefen da yatsu na ɗan ja, ya rabu kamar ganyen kuka. Jabu Alhaji ya sayar mini.